Yadda ake ɗora lasifikokin silin a falo da haɗa musu amfilifaya

Kafin ka sayi ko da mita ɗaya ta waya, fara da kujera. Duk lissafin lasifikar sama daga kunnen mai kallo yake tashi, kuma ramin da aka huda a silin ɗin POP ba ya komawa yadda yake ko an cike shi. A mafi yawan gidajen Birnin Kebbi, daga Gesse har Badariya, kujeru a jikin bango ake jera su, a bar tsakiyar falo fili da kafet. Tsarin ya dace da karɓar baƙi, amma wanda ƙeyarsa ke manne da bango ba shi da inda za a sa masa lasifika ta baya. Saboda haka tambayar farko ita ce: za ka iya janyo kujerar kallo daga bango da aƙalla mita ɗaya da rabi, ko uwargida ba za ta yarda ba? Amsar ce za ta yanke ko lasifika biyu za ka ɗora ko huɗu.

Abin da lambobin ke nufi

Dolby Atmos, tsarin sautin da ke sa a ji ƙara na fitowa har daga sama, ya fara a gidajen sinima a 2012, ya shigo na'urorin gida a 2014. DTS:X, wani tsari makamancinsa, shi ma yana aiki da irin waɗannan lasifikoki, don haka aiki ɗaya ya wadatar wa duka biyun. Idan ka ga 5.1.2, lamba ta farko lasifikokin da ke daidai kunne ne, ta biyu sabufa mai fitar da sauti mai kauri, wato bas, ta uku na sama. Idan kujera ba ta janyuwa, tsaya a 5.1.2. Idan tana janyuwa kuma falon ya kai mita 5 a tsawo, 5.1.4 ya fi nesa ba kusa ba, domin da huɗu ne ake jin jirgi ya taso daga gaba ya wuce ta bisa kai zuwa baya. Da biyu, tsayi kawai ake ji.

Akwai kuskuren da masu haɗa kayan sauti suka saba da shi: maƙala lasifikokin gefe can sama kusa da silin, don yara kada su taɓa. In haka naka suke, sauko da su zuwa kimanin mita 1.2 daga ƙasa, ko sama da haka kaɗan idan bayan kujera na tare su. Tazarar da ke tsakanin na ƙasa da na sama ita ce kunne ke ji a matsayin tsayi. In duk suna sama, kuɗin ya tafi a banza.

Awo: nan ne aikin yake

Zauna yadda ka saba zama, wani ya auna daga ƙasa zuwa kunnenka. A kan kushin yawanci mita 1 zuwa 1.1 ne. Wanda ya fi son zama a kafet ya jingina da tum-tum zai samu santimita 70 zuwa 80, kuma da wannan zai yi lissafi, ba da na kujera ba. Sannan a auna tsayin silin, a cire na kunne daga ciki. Silin mai mita 3 da kunne a mita 1.1 ya bar mita 1.9. Riƙe wannan lamba, komai daga gare ta yake fitowa.

Sai ka nemo ɗigon da ke daidai saman kanka. Ɗaura ƙaramin dutse a zare, ka riƙe zaren a jikin silin har dutsen ya tsaya daidai inda kai ke zama, ka yi alama da fensir.

Ga lasifika huɗu, Dolby ya ba da kusurwar digiri 30 zuwa 55 ga na gaba, 125 zuwa 150 ga na baya, kuma 45 da 135 su ne aka fi so. Digiri 45 yana da sauƙin lissafi: nisan gaba daidai yake da tsayin da ka samu. Wato daga alamar fensir ka auna mita 1.9 zuwa wajen talabijin, mita 1.9 zuwa baya. Idan bayan bai kai ba, ninka tsayin da 0.7, wanda ke ba da kusan mita 1.3. Wannan shi ne mafi kusa da aka yarda da shi. Mafi nisa kuwa tsayin sau 1.7, kusan mita 3.3, amma a can sautin ya fara narkewa cikin na lasifikokin gaba. In ka matso da na baya, matso da na gaba ma daidai gwargwado, don kai ya zauna a tsakiyarsu.

Ga lasifika biyu, kusurwar digiri 65 zuwa 100 ce. A aikace, sa su kaɗan a gaban kai: santimita 30 zuwa 90 daga alamar, a silin irin na misalinmu. Kada su zauna cif a bisa kai, domin kunnen mutum ya fi gane tsayin sautin da ke ɗan gabansa.

Ta faɗi kuma, kowace ta bi layin lasifikar gaba ta ɓangarenta. Idan na gaba suna da tazarar mita 2.2, na sama ma haka, mita 1.1 hagu da dama daga tsakiya. Ka bar aƙalla rabin mita tsakaninsu da bangon gefe, in ba haka ba bangon zai maido da sautin, kunne ya ɗauka daga gefe ya fito.

Yanzu sai fanka. Kusan kowane falo a Kebbi yana da ita a tsakiyar silin, kuma mai inci 56 fukafukanta na cin kusan santimita 70 ta kowane gefe. Idan fiffike yana ratsa tsakanin lasifika da kunne, sautin zai riƙa yankewa yana rawa. Ja zare daga alamar ramin zuwa wurin kunne, ka juya fankar da hannu. In ta taɓa zaren, matsar da ramin cikin iyakar da aka bayar, ko ka matsar da fankar. Gara a yi rigimar nan da fensir a hannu.

Wane irin silin gare ka?

POP ya fi sauƙin hudawa, amma a gefen rami yana marmashewa. Lasifika mai inci 6.5 tana iya kaiwa kilo 2, kuma ƙafafun da ke damƙe ta suna matsa gefen ramin ne. Sa kafinta ya yanko zoben falawud mai kaurin milimita 12, a ɗora ta saman silin, a ɗaure shi da katakon rufi, ƙafafun su kama zoben. Ƙara siririyar wayar ƙarfe daga jikin lasifikar zuwa katako, ko da wata rana POP ɗin ya jiƙe da yoyon damina.

Silin na roba, wato PVC, ba ya ɗaukar nauyi sam, kuma yana kaɗawa idan sauti ya yi ƙarfi. Dole a gina firam na katako a sama, lasifikar ta zauna a jikinsa, robar ta zama rufi kawai. Inda roba ta haɗu da katako a sa siririn soso.

Tsohon silin na asbestos kada a yanka shi. Ƙurarsa na lalata huhu, kuma cutar kan ɗauki shekaru kafin ta bayyana. A nan, da kuma a ɗakin da rufinsa na siminti ne, wato decking, sai a yi amfani da ƙananan lasifikoki masu akwati, a rataye su da ƙarfen maƙalawa, a karkato fuskarsu ga mai kallo. Wata mafitar ita ce a sa su a bangon gaba da na baya dab da silin, a faɗa wa risiba, wato babbar na'urar sautin, cewa Front Height da Rear Height ne. Lasifikokin da ake ɗorawa kan na gaba su harba sauti sama ya dawo kuwa, suna buƙatar silin mai tauri, shimfiɗaɗɗe, tsakanin mita 2.3 da 4.3. POP mai hawa-hawa da zane yana watsar da sautin, don haka su ne zaɓi na ƙarshe.

Kafin yanka, huda ƙaramin rami a tsakiyar alamar, ka lanƙwasa waya mai tauri ka zura, ka juya ta zagaye don jin ko akwai katako ko bututun wayar wuta. Takardar awo na zuwa cikin kwalin lasifikar, da ita za a zana ramin. Wanda zai hau cikin silin ya kashe wutar gidan daga babban makunni, ya taka katako kawai, kuma ya hau da sassafe. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a waje, ƙarƙashin kwano ba wurin da mutum zai daɗe ba ne.

A rufe bayan kowace lasifika da akwatin katako, a sa ɗan soso ko audugar rufi a ciki, girmansa yadda kamfanin ya rubuta. Akwatin na hana ƙurar hunturu, kashin jemage da ɓera, yana kuma rage sautin da ke bi ta silin ya faɗa ɗakin barcin yara. A shafa wa katakon maganin gara.

Lasifikar da za a saya

Nemi mai om 8 ko 6 (om shi ne ma'aunin juriyar lasifika ga wuta), inci 6.5, wadda ƙaramin bakinta na tsakiya ke juyawa don a nuna shi ga kujera. In da hali ta zama kamfani ɗaya da na ƙasa, don murya kada ta sauya launi idan ta tashi sama. Ka yi hattara da lasifikar silin da ake sawa a masallatai, otal da bankuna. Tana da ƙaramin taransfoma a bayanta, an yi ta ne don layin bolt 70 ko 100, kuma a kasuwa ita ce ta fi yawa da arha. In ba ta da wurin om 8, ba ta dace da wannan aiki ba.

Waya

Ƙa'idar da ake bi ita ce kada juriyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na om ɗin lasifika. Wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm², a nisan mita 15, tana da kusan om 0.35 zuwa da dawowa, wanda ya yi daidai ga om 8. In nisan ya wuce haka, ko lasifikar mai om 4 ce, ɗauki 2.5 mm². Waya mai rubutun CCA alminiyom ce aka shafa wa tagulla, juriyarta ta fi da kusan kashi 60 cikin ɗari, kuma tana karyewa a bakin haɗi. Kankare silinta da wuƙa: in cikin ya fito fari, ajiye ta.

Kowace lasifika da wayarta, tun daga na'ura. Zura su cikin bututun roba na milimita 20 saboda ɓera, a nisanta da wayar wuta da kamar santimita 30, in dole su haɗu su gicciye juna. Bar rarar rabin mita a bakin rami, ka rubuta sunan kowace a bakinta biyu. Don tabbatar da ja da baƙi, taɓa batirin tocila mai bolt 1.5 a bakin wayar na ɗan lokaci: idan kan batirin, mai alamar +, yana taɓa jar waya, fatar lasifikar za ta turo waje, wato ƙasa. In ta shige ciki, an juya su.

Amfilifaya

Risiba, wato babbar na'urar da komai ke shiga cikinta, tana da lambobi biyu da masu saye ke rikitawa: layukan da take iya rarraba sauti gare su, da layukan da take da ƙarfin turawa. Tsarin 5.1.2 na son amfilifaya mai layi 7, 5.1.4 layi 9, 7.1.4 layi 11. Sabufa ba ta cikin lissafi don da nata amfilifayar take zuwa. Denon AVR-X3800H, alal misali, tana rarraba layi 11 amma 9 take turawa, sauran biyun sai an ƙaro amfilifaya daga waje. Risibar da ba ta san Atmos ba kuwa, ko amfilifaya nawa aka jona mata ba za ta haifi layin sama ba. Haka kuma kada a haɗa lasifika biyu a mafita ɗaya ta bayan na'ura: om 8 biyu sun koma 4, na'ura ta yi zafi, kuma sautin iri ɗaya ne ke fita daga duka biyun.

Na sama ba sa cin ƙarfi kamar yadda ake zato. Lasifika mai 88 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) a wat ɗaya, daga nisan mita 2.7, tana isa kunne da kusan 79 dB. Wat 10 ya kai ta 89, wat 50 ya kai ta 96, kuma wannan ya ishi kowane falo. Ninka wat ɗin zuwa 100 ba ya ƙara sai 3 dB. Shi ya sa idan ka sayi amfilifaya mai layi biyu, kuma risibar ta ba da zaɓi, ba wa lasifikokin gaba na hagu da dama ita, su ne masu ɗaukar kaya. Risibar ta ji da na sama.

Haɗin kuwa haka yake. Kashe komai ka zare daga soket. Jona wayar RCA daga ramukan Pre Out na risiba zuwa mashigar amfilifaya, hagu da hagu, dama da dama. Cire wayoyin waɗannan lasifikoki daga risiba ka mayar bayan amfilifaya. In duka biyun suna da ramin Trigger na bolt 12, haɗa su da siririyar waya mai kai 3.5 mm don su riƙa tashi tare. In babu, amfilifaya ce ta ƙarshe wajen kunnawa, ta farko wajen kashewa. Daga nan shiga Amp Assign a cikin saitin risiba ka faɗa wa risibar tsarin da ka gina, da sunan kowace ta sama: Top Front da Top Rear ga huɗu, Top Middle ga biyu. Amfilifayar masu kiɗan biki tana aiki, sai dai fankarta na da ƙara, wasu kuma suna son siginar da ta fi ƙarfin wadda risiba ke bayarwa.

Wuta da zafi

Wutarmu bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, na Japan 100, kuma risiba ta hannu da yawa daga can suke. Karanta bayan na'urar kafin ka jona, domin ta bolt 120 a soket ɗinmu nan take take ƙonewa. Tana buƙatar taransfoma mai sauke wuta wanda ƙarfinsa ya ninka abin da aka rubuta a bayanta sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Na Ingila ba su da wannan matsala.

Risiba mai layi 9 kan nuna wat 600 zuwa 700 a bayanta. Idan aka haɗa da sabufa, talabijin da amfilifaya, sitabilaiza mai 2000 zuwa 3000 VA ya dace, mai jinkirta kunnawa idan an dawo da wuta. Inbata ta zama mai tsarkakakkiyar igiya, wadda ake rubuta wa Pure Sine Wave, sauran na sa taransfoma kuka da zafi. Idan hadari ya taso da tsawa, zare soket da wayar dish gaba ɗaya. A bar wa risiba sarari na aƙalla santimita 20 a samanta, kada a ɗora dikoda a kai, kada a rufe ta da kyallen ado tana aiki. Lokacin hunturu a riƙa hure ƙurar ramukanta.

Saiti

Risiba na da tsarin da ke saita sauti da kansa: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, kuma duk da makirufo suke aiki. Kafa shi a kan sanda daidai tsayin kunne, bakinsa na kallon silin, ba a hannu ko kan kushin ba. Kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, rufe tagogi, ka zaɓi lokacin da janareton maƙwabta da babura suka lafa. Wuri na farko shi ne kujerarka, sauran kada su wuce santimita 60 daga gare shi.

Bayan ta gama, bi sakamakon da ido. Duba nisan kowace lasifika da tef, domin kowane santimita 34 daidai yake da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Nisan sabufa kan fito fiye da na tef, bar shi haka, jinkirin cikinta na'urar ta lissafa. A cikin saitin, mayar da girman duka lasifikoki Small. Iyakar da daga ita bas ke komawa sabufa, wato Crossover, 80 Hz ga na ƙasa, 100 zuwa 120 Hz ga na silin, wanda ke rage kaɗawar silin sosai. Kana iya ɗaga abin da na'urar ta zaɓa, amma kada ka saukar. Da sautin gwaji kowace ta ba da 75 dB a kujera. In bayan kwana biyu kana jin na sama sun yi sanyi, ƙara musu 1 ko 2 dB, kada ka wuce.

In abu ya ƙi

Na sama sun yi shiru: duba fuskar risibar ko ta rubuta Atmos. Wayar haske ta Optical ba ta ɗaukarsa, sai HDMI. Ramin HDMI mai rubutun ARC na ɗaukar Atmos irin na manhajojin kallo ta intanet, amma cikakkensa na faifan Blu-ray sai eARC, ko a jona na'urar faifan kai tsaye a risiba. A talabijin, saita fitar sauti a Passthrough ko Bitstream, domin PCM kan mayar da shi layi biyu. A Netflix sai babban tsarin biya ke da Atmos. Mafi yawan abin da ke YouTube, har da finafinan Hausa, layi biyu ne, sai ka kunna Dolby Surround ko DTS Neural:X su rarraba shi zuwa sama. Ko a fim mai Atmos ɗin ma ba kullum na sama ke magana ba, gwada da wurin ruwan sama ko jirgi.

Gurnani mai kauri bayan an ƙara amfilifaya: yawanci bambancin wayar ƙasa ne tsakanin na'urori. Jona su duka a soket ɗaya. In bai daina ba, zare wayar dish daga dikoda, in ya yi shiru ita ce, sai a sa mata ɗan abin rabewa, wato isolator, a kan layin. Kada a karya ƙafar ƙasa ta fulogi don maganin gurnani, ita ce ke kare rai idan wuta ta taɓa jikin na'ura.

Risiba na mutuwa da kanta idan an ƙara murya: ko dai silin waya ɗaya ya taɓa maƙwabcinsa a bayan na'ura ko a cikin silin, ko zafi ya yi yawa. Zare wayoyin lasifika duka, ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Silin na kaɗawa: kunna sautin gwaji a wannan lasifikar kaɗai, ka bi da tafin hannu kana dannawa a kan silin, murfin fitila da ragar lasifikar. Inda ka danna ƙarar ta tsaya, nan za a ƙara sukuru ko a cusa soso.